Tsiraici a Dandalin Wasan Kwaikwayo na Turawa: Me Ke Sa Ɗan Wasa Ya Yarda?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nazarin wasan kwaikwayo ya san cewa kayan aikin ɗan wasa guda biyu ne, watau muryarsa da jikinsa. Marubuci yana da alƙalami, makaɗi yana da ganga, amma shi ɗan wasa babu abin da ya raba tsakaninsa da idon 'yan kallo sai tufafin da aka sa masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da ke faruwa a ƙasashen Turai da Amurka in marubuci ko mai shirya wasa ya ce har tufafin nan ma a tuɓe su, da kuma dalilan da ke sa wani ɗan wasa ya amince, wani kuwa ya ƙi. Ba gidajen holewa da na badala ake magana a kansu ba. Wasannin da za mu ambata su ne waɗanda manyan marubuta suka rubuta, aka yi su a manyan gidajen wasa, ake kuma karantar da su a jami'o'i.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan zance, alhali addininmu da al'adarmu sun riga sun yanke hukunci a kan al'aura? Amsa ita ce, nazarin abu daban, yin sa daban. Har ila yau kuma harshenmu ma yana da abin da zai taimaka mana mu gane batun. Bahaushe yakan kira tufafi sutura, yakan kuma roƙi Allah sutura da rufin asiri, in aka kunyata mutum a gaban jama'a sai ya ce an yi masa tsirara a kasuwa. Ke nan a wurin Bahaushe riga da mutunci kalma ɗaya ta ɗauke su. Da wannan ma'ana ce mafi yawan marubutan da za mu duba suka yi aiki, ko da yake ba su san Hausa ba.

Kafin a tuɓe

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a tarihin wasan Turawa tsiraici na haƙiƙa baƙo ne. A tsohuwar Girka, inda suke cewa wasansu ya samo asali, maza ne kaɗai ke fitowa, fuska a rufe da abin rufe fuska, jiki kuma a lulluɓe. In wasan barkwanci ya buƙaci a ga mutum tsirara, sai a ɗinka wa ɗan wasa wata riga mai kama jiki a cusa mata tsumma. A Rum ne aka san cewa mata 'yan wasan barkwanci sukan tuɓe a lokacin bikin da ake kira Floralia, su kuwa waɗannan mata ba a ɗauke su da wata daraja ba. A ƙarni na 19 ma, lokacin da Adah Isaacs Menken ta girgiza Amurka a 1861 da wasan Mazeppa, inda ake ɗaure ta a bayan doki kamar ba ta da komai a jiki, matsattsun tufafi ne masu launin fata ta sa. Watau dai shekaru fiye da dubu biyu ana kwaikwayon tsiraici kamar yadda ake kwaikwayon mutuwa, ba a kashe kowa, ba a kuma tuɓe wa kowa.

A Ingila doka ce ta tsare ƙofar. Tun daga 1737, zamanin firayim minista Robert Walpole, ba a yin sabon wasa don jama'a sai wani babban hadimin fadar sarki mai muƙamin Lord Chamberlain ya karanta ya ba da izini. Wannan hadimi, wanda in a fadojinmu ne sai mu ce ɗan'uwan Shamaki ne ko Sarkin Gida, shi ke soke kalma, ya soke fitowa, ko ya hana wasa ɗungurungum. A shekarun 1930 wani gidan wasa na Landan mai suna Windmill ya sami wata 'yar kafa: an yarda mata su tsaya tsirara a dandali muddin ba za su motsa ba, bisa hujjar cewa gumakan da ke gidajen tarihi ma tsirara suke kuma ba wanda ya ce a rufe su. Abin dariya ne, amma yana nuna inda tsoron hukuma yake. Jikin da ya tsaya cik hoto ne, wanda ya motsa kuwa mutum ne.

Shekarar 1968

Ran 26 ga Satumba, 1968, sabuwar dokar gidajen wasa ta fara aiki a Ingila, ta kawo ƙarshen ikon nan na shekara 231. Kashegari, ran 27 ga wata, aka buɗe wasan Hair a gidan wasa na Shaftesbury a Landan. Shi wannan wasa na kiɗa da waƙa ne, jigonsa kuwa samarin Amurka masu ƙin yaƙin Biyetnam da ƙin tafarkin iyayensu. An fara yin sa a Niyok a 1967, aka kai shi unguwar manyan gidajen wasa ta Broadway a watan Afrilu 1968, kuma a can ne aka ƙara masa wata gajeriyar fitowa a ƙarshen kashi na ɗaya inda 'yan wasa ke tsayawa tsirara cikin dishi-dishin haske. Abin lura ga batunmu shi ne ba a tilasta wa kowa ba. Diane Keaton, wadda daga baya ta zama shahararriyar 'yar fim, tana cikin 'yan wasan, ta kuwa ƙi tuɓewa, aka ci gaba da wasa da ita. Rigimar da Hair ya tayar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1975 ta yanke cewa hukumar birnin Chattanooga ba ta bi ƙa'ida ba da ta hana a yi wasan a zauren gari.

Daga nan sai ƙofa ta ɓalle. Ƙungiyar Living Theatre ta Julian Beck da Judith Malina ta fito da Paradise Now a 1968, inda 'yan wasa ke ƙorafin cewa doka ta hana su tuɓe tufafi, suna kuma jawo 'yan kallo su hau dandali. Richard Schechner ya ɗauki tsohon wasan Euripides na Girka ya mai da shi Dionysus in 69, 'yan sanda suka kama 'yan wasansa a garin Ann Arbor a farkon 1969. Waɗannan mutane sun tuɓe ne bisa aƙida. A ganinsu tufafi alama ce ta muƙami da dukiya da munafuncin al'ummar da ke tura samari yaƙi, wadda take jure ganin gawa a talabijin amma ba ta jure ganin jikin mai rai. Ko mutum bai yarda da su ba, ya san cewa sun yi imani da abin da suke yi, tun da har ɗauri sun yarda su sha a kansa.

To amma a shekarar nan ta 1969 sai ga Oh! Calcutta! na Kenneth Tynan, wanda tarin gajerun fitowa ne a kan sha'awa, kusan duka tsirara. Da aka sake ɗora shi a Niyok a 1976 bai sauka ba sai 1989, bayan an yi shi sau 5,959. Ba wani mai nazari da ke sa shi cikin manyan wasanni a yau, amma ya koya wa masu gidajen wasa darasin da ba su manta ba, cewa tsiraici yana sayar da tikiti. Wani abu da ya faru a cikinsa ya isa misali. Samuel Beckett ya ba Tynan wani ɗan guntun wasa mai suna Breath, wanda bai kai minti ɗaya ba, babu mutum ko ɗaya a ciki sai tarkace da ƙarar numfashi. Da aka zo yi sai aka kwantar da mutane tsirara cikin tarkacen ba da saninsa ba. Beckett ya fusata ƙwarai. A nan ne za a ga bambanci tsakanin tsiraicin da wasa ya haifa da wanda aka liƙa masa.

Inda wasa ya buƙata

'Yan wasan da suka yarda suka tuɓe a manyan wasanni kusan duk hujja ɗaya suke kawowa, cewa rubutun ne ya nema. Domin mu auna wannan hujja sai mu yi tambaya mai sauƙi: in aka cire tsiraicin, me wasan ya rasa?

Misalin da ya fi ƙarfi a ganina daga nahiyarmu ya fito. A 1972 Athol Fugard na Afirka ta Kudu ya fito da Statements After an Arrest Under the Immorality Act a gidan wasa na The Space a birnin Kef, aka kuma yi shi a Royal Court na Landan a 1974, Ben Kingsley da Yvonne Bryceland suka fito a ciki. Dokar da sunan wasan ya ambata ita ce ta gwamnatin wariyar launin fata wadda ta haramta tarayya tsakanin farar fata da wanda ba farar fata ba, ba a kuwa soke wannan sashe nata ba sai 1985. Taurarin wasan biyu ne: Frieda, Baturiya mai kula da ɗakin karatu a wani ɗan ƙaramin gari, da Errol, shugaban makaranta wanda doka ta sa shi a rukunin masu ruwa biyu. Wasan yana buɗewa suna kwance a ƙasan ɗakin karatu da dare, cikin duhu, ba tufafi, suna hira. A wannan duhu ba mai ganin launin kowa, mutum biyu ne kawai. Can sai 'yan sanda su faɗo da tocila da kyamara, hasken ɗaukar hoto ya riƙa walƙiya a kansu, suna rarrafe suna lalube neman abin rufe jiki, namijin yana ƙoƙarin sa wando yana kame-kamen bayani. Jikin da ɗazu yake cikin aminci yanzu ya zama shaidar da za a kai kotu. Abin da Fugard ya yi na gwaninta shi ne ya sa ɗan kallo a mazaunin ɗan sanda, domin duk abin da ɗan kallo ya gani da hasken hukuma ya gan shi, sai kunyar ta bar waɗanda aka kama ta koma kan mai kallo. Ƙasar da ta gina mulkinta a kan fata, Fugard ya ga ba yadda zai tona mata asiri sai ya nuna fatar. In aka sa wa mutanen nan biyu riguna, labarin yana nan, amma zafinsa ya ragu da yawa. A wani wasan na shekarar, Sizwe Banzi Is Dead, wanda Fugard ya shirya tare da John Kani da Winston Ntshona, akwai inda tauraron ke yage tufafinsa yana tambayar jama'a ko shi ba mutum ba ne, tun da takardar fasfo ta fi shi daraja a idon hukuma.

Haka nan a King Lear na Shakespeare. Sarkin da ya raba mulki ga 'ya'yansa suka kore shi, ya tsinci kansa a daji cikin hadari, ya ga wani almajiri da ba shi da komai sai tsumma, sai ya gane cewa in aka cire wa mutum kayan aro abin da ya rage ke nan, ya shiga tuɓe nasa. Shekaru aru-aru 'yan wasa suna tsayawa a ɓalle maɓalli. Ian Holm a 1997, da Ian McKellen a 2007, dukansu sun haura shekara sittin, suka ƙarasa abin da sarkin ya fara. Ba mai cewa don burgewa tsoho ya nuna jikinsa. Akwai kuma Wit na Margaret Edson, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1999, labarin wata shaihiyar malama mai nazarin waƙoƙin John Donne wadda ciwon daji ya kwantar. Tun farkon wasa har ƙarshe tana cikin rigar asibiti, likitoci suna jujjuya ta kamar littafi. Da rai ya yi halinsa sai ta tashi daga gado, ta ajiye rigar, ta nufi wani ɗan haske, fitila ta mutu. Kathleen Chalfant ce ta fito a matsayin a Niyok. Wanda ya san yadda ake zuwa duniya da yadda ake barin ta ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Akwai kuma masu hujjar kwaikwayon zahiri kawai. The Changing Room na David Storey, 1971, a ɗakin sauya kaya na 'yan ƙwallon zari-ruga yake faruwa, Take Me Out na Richard Greenberg, 2002, shi ma yana da fitowa a wurin wankan 'yan ƙwallo. Hujjar ita ce ba a wanka da riga. Wannan hujja ba ta gamsar da ni kamar ta farko ba, domin dandali bai taɓa zama zahiri ba. In an yarda da jan ruwa a madadin jini, ban ga abin da zai hana a yarda da tawul ba.

Matsalar da ba a warware ba

Ko a wasannin da hujjarsu ta fi ƙarfi akwai wani cikas da masu nazari suka daɗe da lura da shi. Duk wasan kwaikwayo a kan yarjejeniya yake tafiya: ɗan kallo ya san wannan McKellen ne, amma ya yarda na awa uku ya ɗauke shi Sarki Lear. Rawani na Lear ne, sanda ta Lear ce, hawaye ma ana iya cewa na Lear ne. Amma da zarar an tuɓe, jikin da ya bayyana na McKellen ne, ba shi da wani na aro. Sai hankalin ɗan kallo ya bar labari ya koma kan ɗan wasa: ashe haka ya tsufa, ko yana jin sanyi, yaya ya iya. Abin da aka kawo don ya ƙarfafa wasa sai ya tsinka zarensa.

Jaridu kuwa su ne kan gaba wajen wannan. Lokacin da Diana Rigg ta fito a Abelard and Heloise a Landan a 1970 da Niyok a 1971, mai sharhi John Simon ya bar wasan ya koma kushe surar jikinta da kalmomin da ta daɗe ba ta manta ba. A 1998 Nicole Kidman ta fito a The Blue Room na David Hare a gidan wasa na Donmar, tsiraicin da ke ciki na 'yan daƙiƙoƙi ne cikin duhu-duhu, amma shi ya cika shafukan jaridu har aka rasa mai tuna jigon wasan. Za a lura cewa mata ne suka fi shan wannan. Namiji in ya tuɓe a ce jarumi ne, mace in ta tuɓe a shiga auna ta.

Doka ma ba ta janye gaba ɗaya ba. A 1980 gidan wasa na ƙasa a Landan ya ɗora The Romans in Britain na Howard Brenton, wanda ya kwatanta mamayar da Rumawa suka yi wa Birtaniya da zaman sojojin Birtaniya a Ailan, a ciki kuwa akwai fitowar da sojojin Rum ke cin zarafin wani ɗan ƙasa tsirara. Mary Whitehouse, mai fafutukar gyaran tarbiyya, ta ga dokar 1968 ba ta ba ta hanya ba sai da yardar babban lauyan gwamnati, sai ta kewaya ta kai ƙarar mai shirya wasan, Michael Bogdanov, ƙarƙashin dokar laifuffukan lalata ta 1956. An shiga kotun Old Bailey a watan Maris 1982, aka janye ƙarar ana tsakiyar shari'a.

Yarda da tilas

Mun zo ga kalmar da ke cikin kan maganarmu, watau yarda. McKellen ko Kidman in sun ce a'a ba wanda zai kore su, wasan ne ma zai sauya dominsu. Amma mafi yawan 'yan wasa a Landan da Niyok ba haka suke ba. Sana'a ce wadda masu neman aiki suka ninka guraben aiki, mutum yakan yi watanni yana aikin gidan abinci yana jiran kira. Yarinyar da ta gama makarantar koyon wasa, aka ce mata ga matsayi amma akwai tuɓewa, ga kuma wasu a bakin ƙofa suna jira, in ta ce to, da wuya a rantse cewa hujjar Fugard ce ta ratsa ta. Masu iya magana sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Daga waje kuwa ba a iya bambanta yardar mai aƙida da yardar mai jin yunwa, domin dukansu hannu ɗaya suke sa wa a takarda.

Ƙungiyoyin 'yan wasa sun gane haka tun da wuri. A 1969, guguwar na tsakiyar kaɗawa, ƙungiyar 'yan wasan dandali ta Amurka mai suna Actors' Equity ta kafa ƙa'idoji a kan tsiraici. Gishirinsu shi ne, ba za a ce mutum ya tuɓe a wurin gwaji ba sai an riga an gwada shi a kan wasa ko waƙa ko rawa, sai kuma da wakilin ƙungiya a wurin. Ana kuma sanar da ɗan wasa a rubuce kafin ya sa hannu a kwantaragi, don kada a bari sai an yi nisa da gwaji a ɓullo masa da zancen, lokacin da ja da baya ya zama hasarar aiki. Bayan ya sa hannu kuwa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Bayan fallasar cin zarafin mata da ta girgiza masana'antar fim ta Amurka a 2017, sai wata sabuwar sana'a ta yaɗu, ta mai tsara fitowar kusantar jiki. Aikinsa kamar na mai tsara faɗa ne a dandali: kamar yadda ba a ba mutum biyu takubba a ce su yi yadda suka ga dama, haka ba a barin tuɓewa da taɓa jiki ga sa'a. Ana zama da ɗan wasa a ji iyakarsa, a ƙidaya kowane motsi, a san inda haske zai faɗa, a san wanda ke riƙe da riga a bayan labule yana jira, a kuma rage mutanen da ke ɗakin gwaji. Claire Warden ce ta fara riƙe wannan matsayi a Broadway a 2019, a wasan Frankie and Johnny in the Clair de Lune.

Sai dai akwai wani sharaɗi na yardar ɗan wasan dandali wanda ba a rubuta shi a da ba don ba a ga bukata ba. Ɗan fim ya san hotonsa zai dawwama. Ɗan dandali kuwa ya yarda ne mutum ɗari biyar ko dubu da ke zaune a ɗaki ɗaya da shi su gan shi a wannan dare, cikin labarin da ya ba abin ma'ana, in an tashi kuma ya wuce sai a tunani. Wayar hannu mai kyamara ta rushe wannan. A 2022 aka sake ɗora Take Me Out a Niyok, masu gidan wasa suka riƙa kulle wayoyin 'yan kallo cikin wasu jakunkuna tun daga ƙofa. Duk da haka, a watan Mayu wani ya ɗauki hoton ɗan wasa Jesse Williams a fitowar wanka ya watsa a intanet, mutanen da ba su san sunan wasan ba ma suka gani. Ƙungiyar 'yan wasa ta yi tir da abin, ta ce cin zarafi ne da keta yarda. Gidan wasan kuwa ya kafa wata kyamara mai gani cikin duhu, aka juya ta tana fuskantar kujerun 'yan kallo.